Yadda Za a Riƙe Ɗan Yaye da Matashi a Gida Ɗaya Ba Tare da an Danne Haƙƙin Kowa ba

A gidajen Kano da dama, daga lungunan cikin badala irin su Yakasai da Mandawari har zuwa sababbin unguwanni irin su Rijiyar Zaki da Naibawa, ba baƙon abu ba ne a samu uwa ɗaya tana da ɗan shekara 2 da ke bin ta yana jan zaninta, tana kuma da saurayi ɗan shekara 15 da muryarsa ta fara buɗewa, ko budurwa da ke shirin rubuta jarrabawar WAEC da NECO. Tukunya ɗaya ake dafa wa duka biyun, amma buƙatunsu sun yi hannun riga. Abin da ya fi faruwa shi ne ƙaramin ya kwashe hankalin gida gaba ɗaya, domin idan yana da damuwa kuka yake yi har maƙwabta su ji, babban kuwa shiru yake yi ya shige ɗaki, sai iyaye su ɗauki shirun nan a matsayin lafiya lau. Daga nan sai a wayi gari babban ya koma mai reno, ana aikensa, ana ɗora masa ƙanensa, amma shi an daina renonsa, alhali yana cikin shekarun da ya fi buƙatar a ja shi a jiki. Matakan da ke tafe an jera su ne daga abin da ya fi saurin gyaruwa zuwa wanda ke buƙatar haƙuri da tsawon lokaci.

Mataki na farko: a ɗora yinin gida a kan lokutan salla

Gidan da ba shi da tsayayyen lokacin barci da na cin abinci ba ya rabuwa da rigima, kuma ba sai an nemo wani sabon jadawali ba, tun da kiran salla sau biyar ya riga ya raba mana yini. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a dare da rana, ɗan shekara 3 zuwa 5 kuma awa 10 zuwa 13. Wannan yana nufin a yi masa wanka a ba shi abinci da magariba, a kwantar da shi da zarar an idar da isha'i, sannan a ba shi damar barcin rana bayan azahar, lokacin da zafin Kano ke hana kowa sakat, musamman daga watan Maris zuwa Mayu.

Wanda aka fi mantawa da barcinsa shi ne babban. Matashi yana buƙatar awa 8 zuwa 10, amma a duba yadda yininsa yake: ya tashi da asuba, ya ɗebo ruwa ko ta yi shara da wanke-wanke, a yi sammakon tarar adaidaita sahu, a taso daga boko bayan azahar, a wuce Islamiyya da la'asar, wani ma yana da makarantar dare. Idan ya ƙara da riƙe waya har ƙarfe 12 na dare, to barcin da ya samu bai kai awa 6 ba, kuma yawancin abin da iyaye ke kira taurin kai da ɓacin rai da safe gajiya ce tsagwaronta. A tsayar masa da ƙarfe 10 a matsayin iyaka, a bar shi ya rama da ƙailula ranar Alhamis da Juma'a idan Islamiyyarsu tana hutu. Awa ɗaya da ke tsakanin kwanciyar ƙaramin da ta babban kuwa a keɓe ta, domin za mu dawo kanta.

Mataki na biyu: a zagaya gidan da idon mai rarrafe

Uba ko uwa ya tsuguna a tsakar gida ya duba abin da hannun yaro zai iya kaiwa. Abu na farko ruwa ne. Rijiya a yi mata murfi mai nauyi da kwado, bokiti da baho da jarkar da aka yanke a kife su bayan an gama aiki, domin yaro ɗan shekara 1 nauyin kansa yakan rinjayi jikinsa, idan ya leƙa bokiti ya faɗa ba ya iya fitowa, kuma ba ya yin ihu. Gidajen da ke kusa da kududdufi ko babbar kwata su riƙa sakaya ƙofar zaure da damina. Abu na biyu wuta ce: kurfoti da murhun gawayi, tukunyar ruwan zafi da ake ajiyewa a ƙasa da hunturu, da man suya da aka sauke a gefen ƙafa.

Abu na uku shi ne wanda ya fi yawa a gidajenmu, wato guba a cikin mazubin da yaro ya sani. Kalanzir a robar lemo, fiya-fiya a ƙarƙashin gado, shinkafar ɓera a bayan randa, maganin hawan jinin Hajiya a kan madubi. Duk waɗannan a ɗaga su sama a kulle. Idan kuma tsautsayi ya sa yaro ya sha kalanzir, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, saboda aman ne ke mayar da kalanzir ɗin cikin huhu. A cire masa rigar da ta jiƙe, a ɗauki robar, a nufi asibiti mafi kusa. A cikin gari akwai asibitin yara na Hasiya Bayero, da asibitin Murtala, da asibitin Malam Aminu Kano.

A wannan zagayen a tafi da babban, a nuna masa nasa kason: reza, allura, cajar da ke maƙale a soket, ƙananan batura masu kama da maɓalli, da gyaɗa ko aya da ƙwallon dabino da yake miƙa wa ƙanensa don ya yi shiru, waɗanda kan shaƙe yaron da bai kai shekara 4 ba.

Mataki na uku: yaye, abinci da katin asibiti

Yaye ya fi sauƙi idan an yi shi sannu a hankali cikin makonni, a fara janye nonon rana ana maye gurbinsa da abinci, a bar na dare ya zama na ƙarshe. Al'adar kai yaro gidan kaka a rana ɗaya tana haɗa masa rashi biyu, na nono da na uwa, kuma a nan ne yara da yawa ke ƙin abinci su fara ramewa. Idan ba makawa sai an kai shi, to ya kasance ya riga ya saba da cin abinci da cokali da kuma hannun wadda za ta riƙe shi. Cikin yaro ƙarami ne, don haka ana ba shi abinci sau 3 da ɗan abin taɓawa sau 2 a tsakani, a kwanonsa shi kaɗai, domin idan aka haɗa shi da yayyensa a tire ɗaya kafin ya kai loma uku sun suɗe. Koko zalla ba ya gina jiki. A haɗa da garin gyaɗa ko waken suya, a ba shi wake, ƙwai, awara, faten da aka sa wa zogale ko alayyafo, da kifi idan an samu hali.

Katin riga-kafi a ajiye shi inda ake ajiye takardun gida. Iyaye da yawa suna ɗauka allurar wata 9 ce ta ƙarshe, alhali akwai ta ƙyanda karo na biyu a wata 15, ga sinadarin bitamin A da ake ɗiga wa yara duk bayan wata 6 har su kai shekara 5. Annobar mashaƙo da ta ɓarke daga ƙarshen 2022 ta fi yin ɓarna a Kano fiye da kowace jiha, kuma yawancin yaran da ta kama ba su kammala riga-kafi ba. Da damina, idan masu rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro suka zo gida, su ke ba da na ranar farko, na kwana biyun da suka rage yana hannun uwa, kuma rashin ba da su yana rage amfanin maganin.

Abubuwa biyu ya kamata babban ma ya iya. Idan ƙaramin yana gudawa, a jiƙa ƙunshin gishiri da sukari na ORS bisa ma'aunin da ke jikinsa, wanda yawanci lita 1 ce, wato ledar fiya-wata 2, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan tare da ƙwayar zinc ta kwana 10. Idan kuma zazzaɓi ya sa shi jijjiga, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki ko a matsa masa albasa a ido, a tafi asibiti.

Mataki na huɗu: rigimar ƙarami

Ɗan shekara 2 da ke birgima a ƙasa saboda an karɓe wuƙa daga hannunsa ba rashin kunya yake yi ba, bakinsa ne bai kai ga faɗar abin da ke ransa ba. A tsuguna daidai tsayinsa, a faɗi dokar da kalmomi kaɗan, "A'a, wuƙa tana yanka," a miƙa masa wani abu, idan ya ci gaba da kuka a zauna kusa a bar shi ya gama. Abin da ke ɓata lamarin shi ne Umma ta hana, Abba ya dawo ya ba shi, kaka kuma ta ce a ƙyale mata miji. Manya su daidaita baki a bayan idon yaro. Kada a tsorata shi da dodo, kuma kada a tsorata shi da allura ko likita, domin za a buƙaci ya yarda da su wata rana. Koyon zama a fo ma haka yake, a ɗora shi bayan ya tashi daga barci da bayan cin abinci, a yaba masa idan ya yi, a share ba tare da tsawa ba idan ya kuskure. Game da waya, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da wanda bai kai shekara 2 ba gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana.

Mataki na biyar: a yanke wa reno iyaka

A nan ne gidaje masu kirki ma ke zamewa ba tare da sun ankara ba. Taimakon ƙani tarbiyya ce, kuma yarinyar da ta iya goyo da wanka da dama kunu ta samu ilimin da makaranta ba ta bayarwa. Amma akwai tazara tsakanin taimako da ɗaukar nauyin da ba nata ba. Idan budurwa tana fashin Islamiyya duk ranar da aka tafi biki ko barka, idan tana karatun jarrabawa da yaro a baya, idan ƙaramin ya faɗi ita ake mara, to an mayar da ita uwa tun ba ta gama zama 'ya ba, kuma sau da yawa haushin da ba ta iya nuna wa iyaye a kan ƙaramin take saukewa.

Gyaran yana da sassa uku. A ambaci aikin da sunansa da lokacinsa, misali wankan yamma da riƙo daga magariba zuwa isha'i, maimakon a ce "ki kula da shi" ba farko ba ƙarshe. A raba aikin da 'yan'uwanta maza, domin babu abin da ke hana saurayi ya ba ƙanensa abinci ko ya zagaya da shi ƙofar gida, kuma wanda ya saba da haka shi ne zai zama uban da ya san darajar reno. Sannan a janye aikin gaba ɗaya a makonnin jarrabawa, ko ta aji uku ce, ko ta cancanta da ɗaliban makarantun gwamnatin Kano ke yi kafin aji shida, ko JAMB.

A kuma kare kayan babba. Idan auta ya yaga littafin Yaya, amsar da aka saba ita ce, "Haba, yaro ne, ka yi haƙuri." Gaskiya ne yaro ne, amma littafin ya yage, kuma idan kullum haƙuri ɓangare ɗaya yake bi, babban zai yanke hukuncin cewa a gidan nan ba shi da mai tsaya masa. A samar masa akwati mai kwado ko kanta mai tsawo, a maye masa abin da aka ɓata, a kama hannun ƙaramin a ce, "Ka ce Yaya yi haƙuri," ko da bai gane ma'anarta ba tukuna. Hukunta ƙaramin kuwa na iyaye ne, Yaya ya kawo ƙara amma kada ya ɗaga hannu.

Mataki na shida: maganar balaga da matsalar kunya

Sau da yawa matashin gidan shi ne ɗan fari, kuma mun san yadda al'adarmu take da ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta sakewa da shi a gaban mutane, uba ma yana kawar da kai. Alkunya tana da kyawunta, amma ta haifar da wani giɓi mai haɗari, domin yaron da ya fi kowa buƙatar bayani shi ne wanda iyayensa suka fi jin nauyin yi wa magana. Idan ba a cike giɓin da gangan ba, abokai da waya za su cike shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Alamun girma kan fara bayyana ga 'ya mace tun tana shekara 9 ko 10, jinin al'ada kuma yawanci tsakanin shekara 11 da 15, don haka bayanin ya riga jinin zuwa. Uwa ta zauna da ita ta nuna mata audugar mata ko tsaftataccen ƙyalle da yadda ake canzawa, ta koya mata wankan tsarki da hukuncin salla da azumi, ta gaya mata cewa ciwon mara yana faruwa amma wanda ke hana zuwa makaranta ko jini mai yawan gaske sai an ga likita. Ta sa mata guda a jakar makaranta tun kafin ranar. Namiji kuma a yi masa bayanin mafarki da wankan janaba da tsaftar jiki, domin akwai samari da ke shafe watanni suna salla ba su san wanka ya hau kansu ba, kunya ta hana su tambaya. Idan uba ba zai iya ba, ya wakilta Kawu ko Baffa da yaron ya saba da shi, uwa kuma ta wakilta Inna ko Gwaggo, amma wakilcin ya zama na gaske: a gaya wa wakilin abin da ake so ya faɗa, a kuma tambaye shi daga baya ko ya faɗa. A bar wa malamin Islamiyya shi kaɗai bai wadatar ba, domin a aji yaro ba ya ɗaga hannu ya yi irin wannan tambayar.

Addini ya riga ya shimfiɗa tsarin sirrin gida. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya yi umarni da salla a shekara 7 da raba wurin kwanciya a shekara 10, aya ta 58 da ta 59 a Suratun Nur kuma sun koyar da neman izini kafin shiga ɗakin iyaye. A gidan haya mai ɗaki biyu raba ɗaki yana da wuya, amma raba shimfiɗa da mayafi da sa labule ba su gagara ba, kuma su ma iyaye su riƙa yin sallama kafin su faɗa wa matashi wurin da yake canza kaya. Shi ma ƙaramin, daga shekara 3, a koya masa cewa ba kowa ke tuɓe shi ba, kuma duk wanda ya taɓa shi ya ce kada ya faɗa, to ya zo ya faɗa wa Umma.

Awa ɗayan nan da aka keɓe bayan isha'i a nan take aiki. Ba zaman tuhuma ba ne. Uwa tana tsince shinkafar gobe, 'yar tana gefe, hira ta fi zuwa da sauƙi idan hannu yana aiki ido ba ya cikin ido. Uba ya tafi da ɗansa masallaci a ƙafa, ko ya ɗauke shi zuwa shago ranar Asabar. Idan yaro ya faɗi abin da ya girgiza ku, ku danne fuskarku ku bar shi ya kai ƙarshe, domin idan aka tare shi da salati da faɗa a karon farko, ba za a samu karo na biyu ba.

Mataki na bakwai: waya, abokai da kuɗi

Dokar waya a kafa ta kafin a je kasuwar waya ta Farm Centre a sayo, ba bayan ta shiga hannu ba. Iyaye su san lambar buɗewa, wayar ta kwana a ɗakinsu daga ƙarfe 10, ba a cin abinci da ita, kuma ba a miƙa wa auta don a huta da kukansa. Facebook da TikTok da Instagram su kansu sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi. A faɗa wa 'ya mace da ɗa namiji a fili cewa hoton da aka tura ba ya dawowa, kuma idan wani ya yi musu barazana da hoto, gida za su fara kawo maganar. A gaya musu kuma cewa idan masu ƙwacen waya suka tare su, su miƙa kawai, ba wanda zai tuhume su a gida.

Abokai a san su da sunansu da gidajensu. Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe musu zaure, a aika musu da ruwa da abinci, uba ya tsaya ya gaisa da su. Gidan kallon ƙwallo da majalisa ba a iya hana su ɗungurungum, amma ana iya tsayar da lokacin dawowa a kuma tsaya a kai. Shaye-shaye ba ya tambayar gidan wa yaro ya fito, kuma hana maganin tari mai kodin da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 bai kawar da tiramadol da wiwi da sholisho daga lunguna ba. Alamun da za a lura da su sun haɗa da barcin da ya wuce ƙima, nauyin harshe, ɓacewar kuɗi ko kaya a gida, sauya abokai farat ɗaya da faɗuwar sakamakon makaranta. Haka nan sabon kaya ko waya ko turaren da ba ku saya ba abin tambaya ne ga namiji da mace. Kuɗin kashewa a ba da na mako a dunƙule don ya koyi lissafi, lokacin hutu kuma a haɗa shi da sana'a a hannun wanda aka yarda da shi, ko ɗinki, ko gyaran waya, ko tsaron shago a Kantin Kwari ko Singa.

Mataki na takwas: gyara idan an yi laifi

Matashi ba a yi masa faɗa a gaban ƙannensa ko baƙi, domin gobe za ku buƙaci ƙannen su girmama shi. A kira shi ɗaki, a faɗi laifin guda ɗaya ba tare da tono na bara ba, a ji ta bakinsa, sannan a yanke hukuncin da ke da alaƙa da laifin kuma yake da ranar ƙarewa: wanda ya wuce lokacin dawowa ya rasa fitar mako, wadda ta karya dokar waya ta rasa ta kwana 3. Duka a wannan shekarun yana koya wa yaro ɓoye laifi ne kawai, baki kuwa, irin su "ba za ka yi albarka ba," kada ya fito ko da wasa. Uba ya guji zama wanda ba a jin muryarsa sai ranar hukunci, uwa kuma ta daina ajiye laifuffukan yini tana cewa bari Abbanku ya dawo.

Akwai abin da ya fi ƙarfin gida. Yaron da ya kai shekara 2 bai fara haɗa kalma biyu ba, ko ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, a kai shi a duba jinsa da girmansa maimakon a ce nauyin baki gadon gidansu ne. Matashin da ya shafe makonni 2 ko fiye a ƙunci, ya daina cin abinci da shiga mutane, ko ya furta cewa gara ya mutu, a haɗa masa addu'a da ganin likita a ranar, a kuma kawar da magunguna da fiya-fiya daga inda zai kai. Sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau suna karɓar irin wannan, haka ma matsalar shaye-shaye, kuma ya fi kyau uba ko uwa ya raka shi da ƙafarsa a ziyarar farko.